Daren Laraba

Kuɗin haya ne ya kore mu daga Sabon Gari.
Mai gida ya ƙara, ya sake ƙarawa,
ɗaki biyu, mu bakwai, da keken ɗinkin Tumba.
Dillali ya ce akwai gida a bayan Gusau,
can inda kwalta ta gaji ta miƙa wa jar ƙasa,
ɗaki uku, da rijiya, a rabin kuɗi.

Tumba ba ta tambayi faɗin ɗaki ba.
Ta ce, "Wa ke kwana a gidan da ke jikinsa?
In Luba ta taso Islamiyya da almuru,
idon wa zai raka ta?
In aka ce mata ina ne gidanku,
sunan da za ta faɗa zai sa a yi shiru?"

Sai na fara zuwa.
Da hantsi: kangaye, bulo a jibge, akuya bisa yashi.
Rana ba ta tona asirin unguwa.
Na koma bayan isha'i,
na kashe babur, na kasa kunne:
janareto ɗaya, karnuka, kwaɗi daga fadama,
wata uwa tana kiran Nazifi har sau uku,
ya amsa daga nesa, babu tsoro a muryarsa.
Wannan na ƙulle shi a gefen zuciya.

Na ƙirga ƙofofin ƙarfe,
na auna katanga da ido,
inda aka dasa kwalba da inda aka bar wa Allah.
Na tambayi mai shayi su wa ke sintiri,
su nawa ne, ƙarfe nawa suke fita,
wace hanya ce ke ɓullewa daji.
Bai cika mini kofi ba,
bai kuma cika mini amsa ba.

Dare na biyar, tocila ta mare ni a fuska.
Mutum shida, da gora, da usur,
da wani dattijo, Maidamma, carbi a wuya.
"Mi yak kawo ka? Kai ɗan wa?
Kwana biyar muna ƙirga ka kamar yadda kake ƙirga mu.
Wanda yaz zo bara da irin tambayarka,
bayan tafiyarsa ba mu ƙara barci ba."

Yawu ya ƙafe mini.
Na ce malamin firamare ne ni,
na zaro katin aiki, yana rawa a hannuna,
na ambaci limaminmu,
na ambaci ubana da rumfarsa ta goro a tsohuwar kasuwa.
Maidamma ya kira lamba biyu.
Ya daɗe yana "to, to" a waya,
sannan ya sunkuyar da hasken zuwa ƙafafuna.

"Gidan yana nan.
Amma kowane magidanci da darensa a mako,
da kuɗin batir ƙarshen wata.
Laraba ce ba ta da mutum."

Sha ɗaya ta gota na iso gida.
Tumba na zaune, mayafi a kafaɗa.
"Yaya ka same su?"
Na ce, "Su suka same ni."
"Sun tsare ka?"
"Har da tambayar sunan ubana."
Ta yi jim,
ta jawo buhu ta fara jera kwanuka.

Wata huɗu ke nan.
Dangi har yau cewa suke, "Can kuka koma?"
suna jan "can" ɗin kamar igiyar guga.
Ba na musu. Wani daren ni ma ina jin tsawonta.

Larabar da ta wuce wani ya tsaya da babur,
ya kashe inji, yana duban katangu ɗaya-ɗaya.
Na san wannan tsayuwar.
Raina ya ce uba ne, haya ta koro shi,
wata na jiran sa da mayafi a kafaɗa.
Na yarda da raina.

Duk da haka na ɗaga tocila.
Na ce, "Kai ɗan wa?"